Agogon da Yaya ya ƙi gyarawa

Yayana mai gyaran agogo ne, ni kuwa malamin Turanci. Da duniya tana tafiya bisa tsari, da shi ke nan, kowa ya tsaya a bakin teburinsa. Shekara ashirin da biyu ina koyar da nahawu a sakandare, da digirina da komai, har ɗalibai sun laƙaba mini Jan Biro saboda yadda nake yi wa takardunsu jina-jina. Amma yau in yaro a layinmu ya rikice a kan aikatau na Turanci, ba ƙofata yake ƙwanƙwasawa ba. Ta gaban gidana zai wuce, ya gaishe ni da ladabinsa, sannan ya miƙe sai rumfar Yaya. Ba zan tsaya kwana-kwana ba: kishinsa nake yi, kuma na daɗe ina yi.

Rumfar ma da ake ta faɗa, suna ne kawai. Teburi ne mai akwatin gilashi a jingine da bangon wani kantin magani, da laima wadda rana ta cinye launinta, da benci ɗaya da aka tokare ƙafarsa da bulo. A cikin gilashin agoguna ne kwance, wasu masu su sun manta da su tun kafin in yi aure. Akwai gwangwanin alewa cike da ƙananan ƙusoshin agogo, da hantsaki, da sukudireba sirara kamar tsinken sakace, sai ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a idon dama, wanda ya daɗe da yi masa zobe a fatar ido. Can sama da kansa kuma agogon bangon Babanmu ne a rataye, ya tsaya cak a huɗu saura minti goma. Na sha yi masa tsiya a kai. Nakan ce mai gyaran agogo da mataccen agogo a bisa kai, ai talla ce ta korar masu kawo aiki. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce a bar shi, yana da aikin da yake yi.

Shekara huɗu ya ba ni. A makaranta shi ne na ɗaya, ni kuma ƙanin na ɗaya, haka malamai suke kirana. Yana aji uku na sakandare hannun Baba ya fara rawa, ƙusa ta riƙa suɓuce masa tana ɓacewa a ƙasa, teburin kuwa shi ke ciyar da gidan. Wata safiya Yaya ya ninke kayan makarantarsa ya miƙa wa Inna ya ce a rage mini su, ya bi Baba rumfa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Da ya taɓa goranta mini ko sau ɗaya, da na sami abin riƙewa.

Ni na ci gaba. Duk littafin da na gama da shi Inna takan kwashe ta kai rumfa, a riƙa yago shafi ana naɗe agogon mutane a ciki. Sai daga baya na gano cewa Yaya ba ya naɗe komai da shafi sai ya karance shi gaba da baya. Wato da abin da na zubar ya yi karatunsa, ba ma a jere ba: yau shafi na casa'in, gobe na goma sha biyu. Ya haɗa da 'yan takardun nan masu ƙananan rubutu da ke zuwa a cikin kwalin sabon agogo, da rediyon da ke rataye a sandar laima tun safe. Turancinsa na baki har gobe a karkace yake, harshensa bai taɓa yarda da wasu haruffa ba. Amma ba shi jimla ka gani. Buɗe ta zai yi ta baya, ya nuna maka abin da ke juya me.

Shekara talatin da wani abu ke nan yana wurin. Bakwai na safe ya buɗe, ya jira rediyo ta buga lokaci, ya saita duk agogon da ke da rai a cikin gilashi. Shi kansa ba ya ɗaura agogo, wai tela ba ya yawo da keke a kai. Matarsa takan ce da agogon kasuwa aka aura mata, don ko ranar da aka haifi ɗansu na fari sai da ya leƙa rumfa ya ba wani direba agogonsa, tunda ya ce masa ranar zai zo. 'Ya'yansa uku duk maza, sun girma sun kama gabansu, babu wanda ya gaji teburin. Inna kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, in aka ba ta takarda a asibiti, ajiyewa take yi sai Yaya ya zo. Na taɓa ce mata ga ni a zaune, Turanci fa nake koyarwa. Ta ce ta sani, amma ni in na karanta mata ƙara ruɗewa take yi.

Da waya ta shigo hannun kowa, aiki ya ja baya. Mutane suka daina duba tsintsiyar hannu, sai aljihu. Yaya ya wayi gari da lokaci mai yawa, yana zaune a tsakiyar agoguna ba abin taɓawa. Yaran da ke dawowa daga makaranta suka fara raɓewa a inuwar laimarsa, wani ya buɗe aikin gida a kan gilashin, Yaya ya leƙa. Haka abin ya fara, ba allo ba alli, ba kuma wanda ya sanar da ni.

A ajina na ji labari. Na rubuta jimla a allo na ce a mayar da ita shuɗaɗɗen lokaci, wata ɗaliba da ban taɓa sa ran komai daga gare ta ba ta tashi ta yi daidai. Na ce ta yi wa aji bayani. Ta ce ai agogon a hannun aikatau yake ɗaure, shi ta juya baya. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na kusa, sai na lura kusan mutum goma ba dariya suke yi ba, kai suke gyaɗawa. Na tambayi wa ya gaya mata wannan shirmen. Ta ce Mai Agogo na bakin kantin magani, ta kuma ƙara da zuciya ɗaya cewa an ce ma ɗan'uwana ne.

Ran nan da la'asar na yanke maɗaurin agogona da kaina, na tafi rumfa gyara. Na tarar da yara biyar a benci. Na tsaya a gefe ina duba waya, kunnena kuwa duk yana kan teburi.

"Bahaushe a hannun mai aikin yake ɗaura agogo," in ji Yaya. "Na zauna, zan zauna, nakan zauna. Kun ga zauna bai motsa ba, ni ne nake canzawa. Bature kuwa a hannun aikin yake ɗaurawa. I sit, I sat. Mutumin yana nan yadda yake, aikin ne ke ba ku lokaci. Ku kuwa sai ku shiga Turanci kuna neman agogo a hannun mutum, ba ku gani ba, sai ku bar aikatau tsirara."

Shekara da shekaru ina faɗin wannan magana da manyan kalmomi, da jadawali mai gida goma sha biyu da nake sa a haddace, ban taɓa faɗinta haka ba. Ban ma taɓa tunaninta haka ba, in gaskiya za a bi. Na ce a raina, to ai wannan kowa ya sani.

Bai tsaya nan ba. Aikatau masu ɗaukar "ed", in ji shi, agogon batir ne, batir iri ɗaya ke shiga kowanne. Su "go" da "went" kuwa tsofaffin agoguna ne na murzawa, kowanne da halinsa, sai dai ka san su da fuska kamar masu kawo maka aiki. Su "will" da "have" 'yan rakiya ne, wani lokaci aikatau yakan ba su riƙon agogon. Wata yarinya ta tambayi bambancin "I lost my watch" da "I have lost my watch". Sai ya nuna tsintsiyar hannunsa, ya ce a ta biyun har yanzu hannun wayam yake, ana kan nema. Ta farkon kuwa labari ne, wataƙila ma an tsinci agogon tun bara. Ni wannan sati uku nake ba shi a zango na biyu, kuma rabin aji faɗuwa suke yi.

Da yara suka watse ya karɓi agogona, ya duba inda maɗaurin ya rabu, ya dube ni ta cikin gilashin idonsa. Bai ce komai a kan cewa yankan reza ne ba. Ya tambayi lafiyar gida, ya ce in ya yi kuskure a abin da na ji in gyara masa, tunda ni ne malami. Na ce babu laifi, sai dai ya yi hattara kada ya ruɗa yara, don jarrabawa ba da agogo ake rubuta ta ba. Ya ce haka ne. Wallahi da ya yi musu da na fi samun sauƙi.

Bayan sati biyu na gwada abin a wani aji da na tabbata ba sa bi ta kantin magani. Na cire agogona na ɗaga, na yi bayanin tsaf kamar yanzu ya faɗo mini. Ina rufe baki wani ɗan ƙwal uba daga baya ya ce, Malam, ai wannan na Mai Agogo ne. Na ba su aikin gida shafi huɗu, ban sake gwadawa ba.

Duk wannan da sauƙi, 'ya'yan mutane ne. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne Ummi.

Ummi 'yata ce ta fari, sunan Innarmu ta ci, shi ya sa daga ni har Yaya ba mai kiran sunanta na gaskiya. Tana ƙarama a cinyata ta koyi haruffa. Kullum bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in buɗe littafi, ta riƙa bin layi da ɗan yatsanta. Na riga na tsara komai a raina: wata rana za ta tsaya gaban mutane ta yi Turancin da za a juyo ana kallona, a ce 'yar Jan Biro ce, ba a ƙasa ta ɗauka ba. Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba. Sai dai da ta fara rubutu na fara gyara, ni kuwa ban iya gyara da rabin hannu ba. Ta kawo mini layi biyar, in mayar mata ja ya fi baƙi yawa. Ta fara kawowa tana ɓoye littafin a baya, daga nan ta fara cewa ba a ba su aiki ba. Lokacin kuma na sami lesin na yamma a gidaje biyu, sai na ce bari ta ƙara wayo tukuna. Tabarmar dai aka naɗe, ban kuma ƙirga shekarun ba.

Tana aji biyar na sakandare na lura makinta na Turanci sai hawa yake yi. Na yi ta hura hanci a ɗakin malamai. Sai uwarta ta gaya mini, tana ninke wanki, ba tare da ta ga wani abu a ciki ba, cewa ai kullum in an tashi Ummi takan biya wajen Baffanta. Na ce wata nawa? Ta ce wata kuma, ai an fi shekara biyu. Na ce a gidan malamin Turanci? Ta ce to mene ne, ba yayanka ba ne. Ranar ko abincin kirki ban ci ba. Na so in hana, to in ce me? In ce kada ta je wajen yayana saboda tana ganewa?

Na koma sa ido. In tana magana ina kasa kunne ko zan kama kuskuren da zan ce daga rumfa ta kwaso. Har littattafanta nakan buɗe in ba ta nan. A gefen shafi sai in ga ta zana 'yan ƙananan agoguna a saman aikatau, wani tsinkensa na kallon baya, wani gaba. Mutum da 'yarsa, ina bincike a ɓoye, kuma abin da nake addu'ar samu kuskure ne. Na san ba kyau. Sanin bai hana ni ba.

Sai ga gasar rubutu ta ƙarshen shekara. A makarantarmu duk wanda ya ci, shi zai karanta rubutunsa da bakinsa ranar ba da kyaututtuka, gaban iyaye. Taken da aka ba su shi ne malamin da ya fi kowa a wurina. Saboda 'yata na ciki na cire hannuna daga zaɓe, amma tunda ni ne shugaban sashe, rubutun da ya ci dole ya biyo ta teburina in duba, in sa hannu, sannan a kai wa mai buga takardu. Malamar ajinsu ce ta kawo mini, wata sabuwar malama mai fara'a, tana ta yi mini barka, wai Ummi ce ta ɗaya, kuma har da ni a ciki. Na sa tabarau na fara karantawa.

Shafi biyu da rabi, duk Yaya ne. Laimarsa, gilashin idonsa, agogon batir da na murzawa, yadda yake jira mutum ya gama kuskurensa kafin ya yi magana, yadda bai taɓa riƙe mata biro ba balle ja. Wannan na ji shi har ƙashina. Turancin kuwa tsaf, na bi shi layi-layi da biro a buɗe ban sami inda zan ɗiga ba. Sai a sakin layi na ƙarshe na ga kaina, jimla ɗaya tak: My father used to teach me English.

Na yi ajiyar zuciya, kai har dariya na yi. Na kama su.

Wanda bai koyar da yaranmu ba ba zai san daɗin da na ji ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne naci a bakin Bahaushe. Muna da "nakan": nakan je, nakan yi. Sai mu shiga Turanci muna nema masa gida, mu tarar da "used to" a hanya mu ɗauka shi ne. Ɗalibi ya rubuta "I used to bathe every day", shi a nufinsa kullum yakan yi wanka, alhali ya shaida wa duniya cewa da yana yi, yanzu ya daina. Malamar da ta kawo takardar ma sau uku ina gyara mata shi a ɗakin malamai, shugaban makaranta kuwa da shi yake buɗe taro. To ga shi a rubutun gwanar rumfa. Yarinya tana so ta ce Babana yakan koya mini, malamin laima bai koya mata yadda ake faɗa ba. Na zagaye "used to teach" da ja, zagaye biyu, na rubuta "teaches" a sama da manyan haruffa. Ga kuskuren da nake nema na samu, ga kuma jimlar da za a karanta gaban iyaye ta dawo yadda nake so.

Ban jira an tashi ba. Ina da awa biyu babu aji, na ninke takardar na sa a aljihu na nufi rumfa da rana tsaka, ina ta shirya maganar da zan yi, mai sanyi, irin ta wanda ya zo taimako. Na tarar da shi shi kaɗai, yana canza wa wani agogon mata batir. Na shimfiɗa takardar a kan gilashi na ce ya ga abin da nake gudu, agogo-agogon nan na da daɗin ji, amma ga inda yake kai yara. Na ce ba laifinsa ba ne, abu ne da sai wanda ya yi karatun.

Ya goge hannu, ya ɗauka. Tun daga farko ya fara, ni kuwa na ƙagu ya kai wurin. Ina kallo ya karanta labarin kansa, leɓensa na motsi, sau biyu yana tsayawa yana share gilashin da ba shi da datti. Da ya kai jan zagayen sai ya daɗe. Ya ajiye takardar a hankali, ya ce wataƙila in tambaye ta tukuna kafin in gyara. Na ce me zan tambaya, kuskure ne a fili. Ya ce to. Na ce a'a, ya faɗi abin da ke bakinsa. Ya koma kan batirin da yake canzawa, na matsa. Ni na matsa, wannan ba zan ɗora masa ba.

Sai ya ɗaga hantsakin da ke hannunsa ya nuna agogon Baba a bango.

"Aikin da yake yi ke nan," in ji shi. "Duk yaron da ya zauna a bencin nan sai na nuna masa shi. This clock used to work. Da yana yi, yanzu ya tsaya. In abu yana kan yi ba a sa masa used to. Ummi kuwa ita ke koya wa sabbin zuwa wannan darasin yanzu."

Na ɗaga kai na kalli huɗu saura minti goma. Mai kantin magani yana jan kwali, wata mota tana ta hon, ni dai ina tsaye. Yaya ya ce yara sukan rubuta abu ba su auna nauyinsa ba, kada in sa a rai. Ya ce ai duk abin da ya sani a littattafaina ya tsinta, don haka ko ta nan aka bi ni ne malaminta. Ka ji fa. Ya kayar da ni, kuma shi ne mai kakkaɓe mini riga. Na ɗauke takardata ko sallama ban yi ba.

Duk da haka ban yarda ba sai da na ji daga bakinta. Da yamma na same ta a tsakar gida tana wanke takalmin makaranta. Na ce na ga rubutunta, ya yi kyau, sai dai jimla ɗaya da nake so ta fassara mini da Hausa. Na karanta mata. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da goga burushi a wuri ɗaya.

"Da Babana yana koya mini Turanci," ta ce.

"Yakan koya mini, kike nufi."

"A'a, Baba. Da."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, da haka ne da na san abin yi. A hankali ta faɗa, irin yadda ake gaya wa mutum rigarsa ta yage ta baya. Ta ƙara da cewa in ban so ba sai ta cire jimlar, ita ta sa ne don kada a ce ta manta da ni, tunda a wajena ta fara. Na tambaye ta yaushe rabonmu da zama a tabarma. Ta ce tana aji huɗu na firamare. Na lissafa a raina, shekara bakwai.

Takardar ta kwana biyu a aljihuna. Jan biro ba ya gogewa, ni na fi kowa sani. Ga "teaches" ɗina zaune a sama da manyan haruffa, abin da ya rage kawai in miƙa wa mai buga takardu, ba wanda zai tambaye ni. Ummi ma in ta gani a ranar karantawa za ta yi, ba za ta tona ni gaban mutane ba. Na so in yi. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin ina dawowa. Abin da ya hana ni ba wani halin kirki ba ne: shekara ashirin da biyu ban taɓa barin ja a kan jimlar da ke daidai ba, hannuna ne ya ƙi. Na sami sabuwar takarda na kwafe shafin ƙarshe yadda ta rubuta shi, na sa hannu na miƙa.

Ranar taro na shirya wa kunya. Na sa rigar da ta fi kowacce, na ce in za a yi mini dariya a yi mini ina fes. An jera kujerun roba a babban ɗakin taro, fanka biyu ke aiki cikin shida, iyaye sun cika har baranda. Mu malamai muna kan dandamali muna fuskantar jama'a, babu wurin ɓuya. Can layin baya kusa da ƙofa na hango Yaya. Ya rufe rumfa, abin da ko ciwo ba ya sa shi yi, ya zauna a takure hannuwansa a kan gwiwa, zoben nan na idonsa ana ganinsa daga nesa.

Ummi ta hau ta karanta, muryarta ba ta yi rawa ba. Wajen agogon batir aka yi dariya, waɗanda suka san Mai Agogo suka riƙa waiwaye suna nuna shi, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ni ina ƙirga layuka, na san saura nawa. Ta kai, ta ɗan tsaya, ta karanta ta a fili ba ta haɗiye ko harafi ba: My father used to teach me English.

Sai ɗaki ya ɗauki tafi.

Na ɗauka kunnena ne. Shugaban makaranta ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa. Malamar ajinsu tana tafi har da ɗaga hannu sama. Shugaba ya karɓi lasifika ya ce iyaye sun ji dai ko, wannan shi ne abin da kullum yake faɗa: ga uba, duk da aikin da ke kansa, kullum yakan zauna ya koya wa 'yarsa. Ya ce a yi koyi da ni. Ya ce in miƙe a gan ni. Na miƙe, me zan yi. Wani uba a layin gaba ya ɗaga murya ya ce ai ba mamaki, 'yar Jan Biro ce, ba a ƙasa ta ɗauka ba.

Kalma da kalma, abin da nake jira in ji ke nan tun tana kan cinyata. Na tsaya gaban ɗaki cike da mutane ana tafa mini saboda kuskuren da na ƙarar da ƙuruciyata ina zagayewa da ja. Na dubi Ummi, idonta na kan takardarta. Na dubi layin baya. Yaya yana tafi shi ma, a hankali, kuma da gaske yake yi. Ba zai taɓa gaya wa kowa ba, na san shi, kuma har wannan rufin asirin sai da na ji kishinsa. Iya sanina mu uku ne kaɗai a ɗakin muka san abin da jimlar ta ce, kuma a cikin ukun ni ne na ƙarshen ganewa.